Maganin Baban Yara

Ranar da ciwon baya ya kama Baban Yara, kaf layin sai da aka sani. Ya sunkuya ɗaukar rimot ne ya kasa miƙewa, ya shiga kururuwa yana barin wasiyya. Matarsa ce ta tallafe shi zuwa asibiti, ita da ta yi shekaru duƙe a kan keken ɗinki, nata bayan yana sara, ba wanda ya taɓa ce mata sannu.

Likita ya duba hoton ƙashi, ya dubi tumbi, ya ce, "Ƙashinka lafiya lau, zama ne ya yi maka yawa. Ka riƙa tattaki da safe. In ka daɗe a kujera ka miƙe. Ka daina kwanciya wuya a lanƙwashe kana danna waya."

"Allura fa?"

"Babu."

"Ko 'yar ƙwaya?"

"Ƙafarka ce maganin."

Tun a mota Baban Yara ya yanke hukunci cewa likitan bai san aikinsa ba. Babban ciwo irin nasa a ce wai tafiya? Ya sayo bel mai maganaɗisu, yana ɗaura shi a kan riga don masu dubiya su gani. Ya sayo injin tausa mai ƙara kamar janareto, da wata ƙatuwar kujera mai kwantawa. Ya nutse a cikinta, daga nan yake mulki: miƙo ruwa, ɗauko caja, juya fanka. In ƙungiyarsa ta zura ƙwallo kuwa, sai ya daka tsalle, sannan ya tuna ya dafe ƙugu.

Ita dai ta ji abin da likita ya faɗa, kuma bai ce na mutum ɗaya ba ne. Ta fara zagaya unguwa da sassafe. Ta sa kafinta ya gyara mata tsayin kujerar ɗinki. Duk rigar da ta gama, sai ta tashi ta dafa bango ta yi miƙa. Kafin wani lokaci ta dawo tafiya ɗoɗar, kai a sama.

Wata rana ta wuce shi da kwandon wanki, ya bi ta da harara.

"Wai ke me kike sha ne?"

"Maganinka, Baban Yara. Na ga ka bar shi zai lalace."

"Ni aka kai asibiti, ke ki warke? Ai wannan cin amana ne!"

"To zo ka karɓi abinka gobe da safe."

Ya ja tsaki ya kunna injin tausa. Da yamma wata sabuwar mai kawo ɗinki ta leƙo falo, ta durƙusa ta gaishe shi cikin ladabi, ta juya ta ce wa matar, "Allah sarki, ya jikin mahaifin naki?"

Washegari ya riga ta sa takalmi. Tana gaba, yana baya yana haki, duk turken lantarki sai ya tsaya wai igiyar takalmi ta kwance. A bakin titi suka haɗu da abokinsa mai shagon taya.

"A'a! Jiki ya yi kyau ke nan?"

"Ina fa! Madam nake fitowa da ita. Ka san mata da son jiki, in ba ka tsaya a kansu ba."

Ta ƙara sauri.