Fil a Bakin Anti Tela

Anti Tela ta zare fil ɗin da ta jera a leɓenta, ta zuba su a tafin hannu, sai maganar da ta taru mata a baki ta ɓalle gaba ɗaya.

"Juyo in gani! Kai, masha Allah! Wallahi ko 'yar mai makarantar albarka. Ɗaga hannu. Rigar ba ta matse ki a hammata ba?"

"T-t-ta..."

"Ta yi daidai, na sani, ai ni na auna. Zo ki sa safa."

Kurciya ta sauke hannu, ta rufe bakinta. Shekararta tara, kuma ta saba: a gidan nan kafin kalma ta gama fitowa daga maƙogwaronta, uwarta ta riga ta cafe ta ta ƙarasa mata. Ba ita kaɗai ba ce ma. Babanta direba ya sha faɗa cikin raha cewa shi ba ya samun damar kai magana ƙarshe sai in matarsa ta cika baki da fil.

Makarantar da za a shiga yau ba ta da yunifom. Ƙanin Anti Tela, mai gyaran waya, da ya kawo aron kwamfutarsa jiya, sai da ya yi mata bayani har ya gaji. "Yaya, ta intanet ce fa. Ko da rigar barci yaro ya zauna babu ruwan kowa."

"Allah ya kiyaye! 'Yata ce za ta shiga aji da rigar barci?"

Ta ture ɗinkin mutane gefe, ta yanka shuɗin yadi, ta ɗinka riga mai farar kwala har da aljihu. Ta sayo farar safa, wadda babu kyamarar da za ta taɓa ganin ta. Tun da safe ta share ɗakin ɗinkin, ta goge keke da mai, ta rataya leshin wata kwastoma a bango don ya zama shi ne bayan Kurciya. Kwandon ƙyallaye kaɗai ta bari a inda yake, saboda mage ta haihu a ciki, in ka matso sai ta yi maka huci.

Wanda bai san abin da ya faru ba zai ce zumuɗin ya yi yawa. Kurciya tana da i'ina. A tsohuwar makarantarta aji ya cika har bakin ƙofa, malami ba shi da lokacin jiran kowa. Da ta miƙe ta fara "m-m-m", sai na baya su ɗauka kamar amshi, malami ya ce ta zauna, na gaba ya karanta. Ta daina ɗaga hannu. Daga nan ta daina magana a makaranta kwata-kwata. Can sai ciwon ciki kullum da safe, wanda yake warkewa da kansa ranar da babu makaranta. Anti Tela ta cire ta, ta yi ta cigiya har ta ji labarin wannan makarantar da ake yi daga gida.

Baban Kurciya bai so ba. Daga kan hanya ya kira, ƙarar manyan motoci tana cinye rabin maganarsa. "Na yarda a yi gwajin. In sun ɗauke ta, to, madalla. In ba su ɗauke ta ba, ranar Litinin ta koma inda ta fito. Ba zan zuba ido yarinya ta zauna tana kallon zare ba." Kurciya tana tsaye kusa da wayar, ta ji komai. Ranar ba ta taɓa abincinta ba.

To, yau ce ranar gwajin.

Kaka ta leƙo da sandarta. "Wai malamar ta iso ne? Ban ji sallama ba."

"Kaka, a cikin kwamfuta za ta zo."

"Oho. To ko ruwa ba za a ajiye mata ba?"

Anti Tela ta san in ta bar surukarta a ɗakin, gaisuwa kaɗai za ta cinye rabin darasi. Ta ɗauki kujera ta kai bakin ƙofar gida. "Kaka, babban aikin naki ne. Duk wanda ya zo karɓar ɗinki, ki tare shi."

Kaka ta zauna ta gicciye sanda kamar mai gadin banki. Ba a jima ba aka jiyo muryarta tana ce wa wani, "Koma, koma! Ana makaranta a ciki."

Fuskar kwamfutar ta yi haske. Wata mata mai tabarau ta bayyana, fanka tana juyawa a bayanta. Kewaye da ita ƙananan tagogi suka yi ta buɗewa, kowace da yaro a ciki. Wani yana zaune a shago, buhuna jibge a bayansa. Wata tana kan gado, an ɗaure mata ƙafa. Wani kuma ƙaninsa ne ke ta hawa wuyansa yana ture shi.

"Wayyo, ga su nan!" Anti Tela ta dafe ƙirji. "Kurciya, ga 'yan ajinku!"

Tun jiya ƙaninta ya ja mata kunne cewa ba a son iyaye su fito a kyamara. Ta ɗauki maganar da muhimmanci. Saboda haka ta tattare zaninta ta shige ƙarƙashin tebur, ta zauna dirshan kusa da ƙafafun 'yarta, ta riƙe mata idon sawu. A lissafinta, wanda ba a gani ai ba ya nan.

Malama ta gaishe su, ta yi bayani a natse. Ita ce ke riƙe da makirufon kowa. In yaro ɗaya yana magana, na sauran a rufe suke, ko tari suka yi ba za a ji ba. Anti Tela ta matse ƙafar Kurciya don murna. Abin da ya kawo su ke nan: aji inda babu mai yi wa 'yarta amshi.

"Gwajin ba shi da wuya," in ji Malama. "Kowa zai ba mu labarin wani abu da ya faru a gidansu cikin makon nan. Bari mu fara da mai farar kwala. Wa ya ɗinka miki wannan riga mai kyau?"

Saura kaɗan Anti Tela ta amsa daga ƙasa. Kurciya ta yi murmushi ta nuna ƙasa da ido, sannan ta ja numfashi ta fara.

"M-m-m..."

"Mage," in ji Anti Tela cikin raɗa.

"Mage ta h-h-h..."

"Haihu."

"Haihu a k-k-k..."

"Kwandon ƙyallaye. Ce mata 'ya'yan ba su buɗe ido ba tukuna."

Matsalar ita ce raɗar Anti Tela daidai take da maganar wasu mutanen a kasuwa. Malama ta gyara tabarau.

"Ikon Allah. Fuska ɗaya nake gani, murya biyu nake ji. Maman yarinya, fito mu gaisa, ga ɗankwalinki nan yana leƙowa ta gefen tebur."

Anti Tela ta yunƙura da sauri, kanta ya daki tebur, kwamfutar ta girgiza. A cikin tagogin yara sun kwashe da dariya, baki a buɗe, babu sauti ko kaɗan. Kunya ta rufe ta har tafin ƙafa.

"Malama, ina kwana? Ya aiki? Wallahi taimaka mata kawai nake yi, kin san tana da..."

"Na sani, kin gaya mini a waya. Labarin magen ya yi daɗi, amma naki ne. Ni kuma ba ke zan ɗauka ba." Malama ta faɗa da murmushi, sai dai muryarta babu wasa. "Ba sauri nake nema ba. Ina so in ji ta da kanta. In ban ji ta ba, ba zan iya cewa na gwada ta ba, sai dai ku jira zango mai zuwa. Bari sauran su yi nasu, zan dawo kanta a ƙarshe."

Zango mai zuwa! Ke nan Litinin tsohuwar makaranta. Anti Tela ta ja jiki ta koma kujerar kekenta, inda kyamara ba ta kaiwa, ta ɗora wata riga a cinya don hannunta ya sami abin riƙewa. Haushi ya fara zuwa mata. Ita da ta haifi yarinya, ita da ta san abin da za ta ce tun kafin ta buɗe baki, ita za a ce wa ta yi shiru?

Yaron shago ya ba da labarin ɓeran da ya faɗa buhun sukari. Mai ɗaurarriyar ƙafa ta faɗi yadda ta faɗo daga keke. Anti Tela ba ta ji ko rabi ba, idonta yana kan 'yarta. Kurciya ta sunkuyar da kai, tana ta cusa yatsa a hammata tana jan rigar.

Idon tela ba ya kuskuren irin wannan. Ɗinkin ya ɗame, yadin ya tattare a kafaɗa. Rigar ta matse ta. Abin da yarinyar take son faɗa ke nan da safe, ita kuwa ta ƙarasa mata da "ta yi daidai". Anti Tela ta shiga tunanin sau nawa ta yi mata haka, a kan abinci, a kan ciwo, a kan makaranta, ta ga abin ba ya ƙirguwa.

"Mai farar kwala," in ji Malama, "mun dawo kanki. Me magen ta yi bayan ta haihu? Ɗauki lokacinki, babu inda za mu je."

Kurciya ta waiwayo ta dubi uwarta, kamar yadda ta saba. Sannan ta juya.

"T-t-ta..."

Ɗauke. Kalmar ta taso wa Anti Tela har kan harshe. Ta san ita ce, da idonta ta ga magen ta ɗauke ɗa guda. Leɓenta ya fara motsi da kansa. Ta kai hannu cikin gwangwanin da ke kan keke, ta ɗebo fil, ta jera su a baki ɗaya bayan ɗaya, fiye da yadda take yi ko a ɗinkin babbar riga, ta datse leɓe a kansu.

"T-t-t..."

Fankar Malama tana ta juyawa. Daga waje Kaka tana korar wata mata. Yaran cikin tagogi sun zuba ido, babu mai dariya. Jiran ya yi wa Anti Tela tsawo. Ta damƙe rigar da ke cinyarta da hannu biyu.

"T-ta s-sace s-safata."

Anti Tela ta zaro ido. Safa? Ba ɗauke ba ce ashe!

"S-safar tsohuwar m-makaranta. Ta k-kai cikin k-kwando, ta sh-shimfiɗa wa 'ya'yanta." Kurciya ta tsaya, ta haɗiyi yawu. "Na g-gan ta. B-ban ƙwace ba. Na ƙ-ƙara mata ɗayar."

Malama ta tuntsire da dariya har ta cire tabarau. "Kin ƙara mata? Don me?"

"D-don b-ba na so in s-sake sa su."

Wannan karon kalmomin sun ɗan fi saurin fitowa. Ta ci gaba, tana tuntuɓe tana tashi. Ta faɗi yadda baƙin ɗan ya fi kowa haɗama, da yadda uwar take kama su a wuya, da yadda Kaka take cewa ba ta son mage amma tana ɓoye mata madara a murfin kwano. Yawancin wannan Anti Tela ba ta sani ba. A ɗakin nan take wuni, kwandon yana gefen ƙafarta, amma yau ta fara jin labarin. Hawaye ya gangaro mata, ya bi gefen fil ɗin ya ɗiga a kan rigar mutane.

Da Kurciya ta yi shiru, Malama ta ce, "Bari in buɗe muku, ku tafa mata." Tafi ya cika ɗakin ɗinkin, har mage ta ɗago kai. Yaron shago yana ihu, "In sun girma a ba ni baƙin!"

"Litinin da safe, a wannan ajin," in ji Malama. "Ki zo mana da labarin ranar da suka buɗe ido. Maman yarinya, kin ji ko? An ɗauke ta. Akwai abin da kike son tambaya?"

Tambayoyi kam akwai su cike da ciki, ga godiya, ga addu'a, ga mijin da za a kira yanzun nan. Anti Tela ta miƙe zumbur, ta kai hannu baki, amma fil ɗin sun manne a leɓe. Ta zare ɗaya, ya faɗi ƙasa. Abin da ya fito daga bakinta bai wuce "m-m-m" ba.

"Maman yarinya? Kina ji na, ko sabis ne ya ɗauke?"

Kurciya ta dubi uwarta, ta dubi kwamfutar. Ta gyara zama a cikin matsattsiyar rigarta.

"M-malama, ki ɗan j-jira ta. Z-za ta faɗa da kanta."

Ajin gaba ɗaya ya yi shiru, aka jira Anti Tela.