Teburin Masu Ba Da Jini

"Wa ya kulle teburin?"

Injiniya ta banko ƙofar ɗakin na'urorin asibitin, waya manne a kunnenta. Ƙanwarta ce a wayar, tana kuka daga bakin ɗakin tiyata. Babansu na zubar da jini, irin jininsa kuma wuyar samu gare shi, sai an binciko wanda ya dace cikin teburin, wato jerin sunayen masu bayarwa da ke cikin na'ura.

Dogo, mataimakinta, ya miƙe yana share gumi. "Ni ne, ranki ya daɗe. Fihirisar ta yi kaca-kaca. Suna ɗaya za ka nema, shayinka ya huce bai fito ba. Shi ne na sa a sake gina ta."

"Da rana tsaka? Kanka ɗaya kuwa?"

Ta fi kowa sanin ciwon. Shekara da shekaru ana zuba sunaye, ana gogewa, ana gyarawa, har fihirisar da ke nuna wa na'ura mazaunin kowane suna ta warwatse, sai lalube shafi-shafi cikin miliyoyin layuka. Ta sha roƙon a ba ta lokacin gyara, manya su ce asibiti ba ya hutu. Yanzu kuma ba mai leƙa teburin sai ginin ya kammala.

"Ai ya kusa," in ji Dogo. "Ki ɗan daure."

"Yaya," muryar ƙanwar ta karye, "ke yake ta kira."

Hannun Injiniya ya kai kan madannai.

"Kar ki katse!" in ji Dogo. "Ke fa kika koya mini katsewa ta fi jira cin lokaci!"

Ta katse. Teburin bai buɗe ba. Na'urar ta shiga warware duk abin da ta gina, layi bayan layi, tafiyar da ta fi ginin jinkiri. Injiniya ta zube kan kujera, tana kiran kawunnai da 'ya'yan gwaggo, ko wani zai dace. Ba wanda ya dace.

Da teburin ya buɗe, sunaye suka zubo, har da na wata mai ɗinki da ke bayan asibitin, mai irin jinin Baba. Wayar ta yi ƙara. Ƙanwar ce, ta ce Baba ya cika. Dogo ya sunkuyar da kai.

Aka turo ƙofa. Wani mutum ne da ba su taɓa gani ba, gaban rigarsa duk jini, yana riƙe da takalmin mace.

"An ce a ɗakin nan aka tsare jinin matata," ya faɗa a hankali. "Wane ne a cikinku?"