Injin Sha Biyu a Jikin Kombi

Sati ya sake danna oda, ko da yake ya san tankar da ta gitta a Kwangila ba jin oda take yi ba. Gaba mota, baya mota, ga asibitin Shika da nisa. A kujerar baya mahaifinsa, Baba Raphael, yana jan numfashi da ƙyar, asma ta shaƙe shi tun safe. Ƙanwarsa Keziya na yi wa tsohon fifita da murfin kwali.

Ƙaramar bas ɗin, Kombi, ta Baba ce, shekara ashirin da bakwai yana lallaɓa ta kafin ya miƙa wa Sati makulli. Watan jiya injinta ya buga. Sati ya karaɗe Sabon Gari bai samu injin sha shida ba, wato mai ƙarfin dubu da ɗari shida irin nata, sai wani bakanike ya ɗaura mata na ƙaramar motar nan Bitil, ɗan sha biyu. Bai faɗa a gida ba. Ai abin da babba bai ji ba, ba ya hana shi cin tuwo.

Yanzu kuwa ga ƙauri na tasowa daga baya, inda injin yake. Tsoro ya kama Sati sosai.

Wani mai shayi ya sheƙo da jarkar ruwa, ya tsaya a gaban motar yana lalube. "Direba, ina lagireton? Buɗe in zuba mata!"

"Ba ta shan ruwa, malam. Iska take sha."

"To ai ga iska ko'ina!"

"Sai tana tafiya," in ji Sati, kamar zai yi kuka.

Mutumin bai daddara ba, ya zagaya baya zai kwara wa injin. Nan Baba ya ɗaga hannu.

"Kada ya zuba. Tsagewa zai yi." Ya numfasa. "Sati."

"Na'am, Baba."

"Wannan kukan ba na sha shida ba ne. Tun Dogarawa nake jinsa."

Sati ya sunkuyar da kai. "Baba, ban samu ba ne."

"Ƙaramin inji, babban jiki. Kashe ta, kada ka kashe ta." Tari ya sarƙe shi, leɓɓansa suka yi duhu.

"Yaya, ka bar motar nan!" Keziya ta fashe da kuka.

Sati ya murɗe makulli. A tsallaken tankar akwai 'yan acaɓa, amma ba hanyar da babur zai kutso. Ya durƙusa, Keziya ta ɗora masa tsohon a baya. Rashin nauyinsa ya fi komai tayar wa Sati da hankali.

Sun fara ratsa tsakanin motoci ke nan, Baba ya kai baki kunnensa.

"Ni ma sha biyun na koma," ya ce. "Gaya wa Keziya ta ɗaga wa motar murfin baya, ta sha iska."

Sati bai juya ba. Ya ƙara sauri.