Inda Alvis Ya Zuba Tokar Lurleen

Shekara ashirin da shida Alvis Crowe yana ɗaukar baƙi a jirgin ruwansa, yana nuna musu garin da dam ya cinye. A duk gundumar nan ta kudancin Tennessee, in ka cire tsohon ginin kotu, tafkin ne kaɗai abin zuwa gani. Yakan kashe inji a tsakiyar ruwa ya nuna ƙasa da yatsa: nan coci, nan wurin gurzar auduga, nan gidan su Lurleen, matarsa. Shi ba ɗan garin ba ne, a tsohuwar taswira ya koya. Baƙi kuwa su yi ta ɗaukar hoto, kai ka ce ba su taɓa ganin ruwa ba.

Da ciwo ya ci ƙarfin Lurleen, abu ɗaya ta roƙa: a ƙona gawarta, a zuba tokar bisa gidan ubanta. Da ta rasu bara, ya cika mata. Tun daga nan ba ya jin daɗin komai, cika alkawarin kaɗai ke riƙe da shi.

Bana aka yi fari, ruwa ya janye, gari ya fito fili. Motoci har daga Atlanta. Dewey mai sayar da tikiti baki har kunne.

"Tsoho, jirginka ya yi ritaya! Sauko ka zagaya da su a ƙafa, tunda ka haddace garin."

"Rufe min baki, Dewey. Kai da ko hanyar gidanku sai an nuna maka."

Ya shige gaba, baƙi na biye, taɓo na riƙe musu takalma. Ya saita tsaunin gabas da bangon dam kamar yadda ya saba gane wurin daga jirgi, ya tsaya daidai inda ya zuba tokar. Babu ko alamar harsashin gida. Tsohuwar kwalta ce ƙarƙashin ƙafarsa, duk ta farfashe.

Can nesa ya hango matakala uku na siminti da rijiya a gefe, kamar yadda Lurleen ta sha kwatanta masa gidansu.

Ya jira kuka ya zo, ko haushi. Shiru. Sai ya ji kamar wani can ne abin ya sama.

Wata mata mai faffaɗar hula ta matso da kyamara. "Baba, nan kuma mene ne?"

Alvis ya dubi kwaltar.

"Hanya ce," in ji shi. "Ta nan aka kwashe su Lurleen ranar da aka tashi garin."