Yatsan da Ya Ƙi Sauka

…kuma wai magani ne. Magani! Ni dai a sanina magani sha ake yi ko a shafa, ba a zaunar da tsohuwa gaban abin kiɗa a ce ta danna. Fiyano. Ko sunan ma bai zauna mini a baki ba. Ga shi nan baƙi, dogo, an ɗora mini a kan teburin guga saboda ya yi daidai da kujerata, haƙoransa farare a jere kamar yana yi mini dariya.

Babban yatsa — ya sauka. Manuni — ya sauka. Na tsakiya, da ƙyar. Na zobe…

Na zobe.

Sauka mana. Kai nake wa magana.

Likita ya ce tunda ɓarin jikin da ya shanye ya fara dawowa, yatsun ma za su dawo in an ba su aiki. Auta yana tsaye yana gyaɗa kai. In hannun ya kama cokali, in ya ɓalle maɓallin riga da kansa, sai a mayar da ni ɗakina. In bai kama ba, nan zan zauna gidansa. Matarsa ta ba ni a baki, ta goge mini haɓa. Ni. Ni da na yaye 'yan mata a kan keken ɗinki har ban san iyakarsu ba…

Warware ki sake! Haka nake ce musu. Layi ya karkace da faɗin zare ɗaya, warware. Kuka ba ya gyara ɗinki. Ina da 'yar sandar awo, kan yatsu take sauka, kuma har yau wadda ta fita daga hannuna ba ta kai wa mutane aikin kunya. To yanzu wa zan buga wa? Na ɗaga hagu na make dama — ko a jikinsa. Kwance yake a kan farare kamar hannun wata aka ara mini.

Abin nata ne, matar Auta. Malama ce, da shi take koya wa ƙananan yara waƙa a makaranta. Ranar da na fara ganinsa a falonsu na ce a rufe shi da zane, gidan mutunci ba gidan rawa ba ne. Ta rufe. Yanzu zanen nan ne aka naɗe aka tokare mini gwiwar hannu da shi.

Ta manna wa biyar daga cikin haƙoran 'yan takardu masu launi, tunda ni ba boko na yi ba. Ja, kore, shuɗi… yadda take wa masu majina a hanci. "Mama, a hankali, ba dukansa ake yi ba. Ki ajiye yatsan kawai, nauyinsa ya isa." Ajiye? Ni ban taɓa samun komai da ajiyewa ba. Da ƙarfi na samu, da ƙarfi na riƙe. Ta ce za ta bar ƙofar kicin a buɗe tana ji, ta tafi.

Ga ƙarar famfo. Ga wuƙa a kan katako.

Hagun nan kuwa lafiyarsa ƙalau. Ga shi a cinyata, yana jira.

Ai ba yau farau ba. Shekaranjiya ma… to, me ya yi zafi? Kunne ne kawai ke kicin, ido ba ya nan. Na ɗora shi. Ja, kore, shuɗi, rawaya, fari — tar, tar, kamar ɗinkin sabon keke. Sama, ƙasa. Sake. In Auta ya dawo daga aiki ya tambaya, ta ce masa Mama ta iya, biyar ɗin duka suna fita. Ya yi murna. Ya fara maganar share mini ɗaki.

Sai me? In na koma, hagu ne zai kai mini loma? Wa zai ɗaure mini zane? Ke tsohuwa, wa kike cuta?

Akwai wata 'yar siririya cikin masu koyon ɗinki a wajena, mai ɗan tsamin baki, da ta taɓa kawo mini rigar da yayarta ta ɗinka ta ce ita ta yi. Kallo ɗaya na yi wa bakin hannun rigar. Hannu ba ya ɓuya, na ce mata, kowa da tafiyar allurarsa. A gaban sauran na faɗa, don su ji.

Shiru kicin. Wuƙar tana ta aikinta. Na yi biyar ɗin sumul har sau nawa, ba ta ce komai ba. Ba ta ji ba ne?

Bari. Hagu, koma. Na tura shi ƙarƙashin cinya, na zauna a kansa.

Babban yatsa. Manuni. Na tsakiya yana rawa, ya haɗa biyu, ƙara mai muni kamar an taka kyanwa. Gumi har cikin kunne. Na zobe… kar ki danna. Ajiye. Ajiye kawai, ta ce. Kafaɗa ta sauka, numfashi ya fita… ya motsa? Ya ɗan nutse. Wata 'yar murya ta fito, siririya, gurguwa, ko sauro ya fi ta —

"Yawwa Mama! Wannan ne!"

Daga kicin. Har wuƙar ta tsaya.

Wannan ne.

Wato… wancan ba shi ba ne. Wato ta sani. Shekaranjiya ma ta sani, da ranar da ta gabace ta. Kowa da tafiyar allurarsa. Ta ji, ta ci gaba da yankanta, ta kawo abinci ta ba ni a baki tana ba ni labarin 'yan ajinta. Ba ta gaya wa mijinta ba. Ni ma ba ta gaya mini ba.

Da ni ce a kicin ɗin nan…

Hagu ya fara sagewa a ƙarƙashina. Bar shi. Saura ƙaramin, ga shi can a lanƙwashe, bai ma san da shi ake ba. Famfo ya mutu. Tana jira.

Na gaji, yarinyar nan. Kar ki rufe ƙofar.