Neman Shaho a Kebbe

Abdulganiyyu tela ne a Tambuwal, a shagon yayansa Jamaluddeen da ke kusa da tasha, amma waɗanda suka san shi a waya ba su san shi da ɗinki ba. Su da laƙabin Almakashi suka san shi, shugaban wani guruf na masu kallon anime da buga gem, wanda ba a faɗin magana ta wuce bai yanka ta ba. Duk wanda ya kira anime katun a gabansa, ya jawo wa kansa dogon saƙon murya. Ya tsani fassarar da ake cusa wa barkwanci har a wurin da jarumi ke kuka, ya kuma sha korar masu faɗin ƙarshen labari tun mutane ba su kalla ba. A gem kuwa, cewa yake duk wanda ya sayi makami maimakon ya sha wuya ya samu, ɗan kasuwa ne ya ɓato hanya.

Mutum ɗaya ne a guruf ɗin ke iya ja da shi, wani mai kiran kansa Shaho. Shekara da shekaru suna wasa tare a ƙungiya ɗaya, kowa da iyafis a kunne, suna harbi suna gardama. Babbar rigimarsu a kan wani kyaftin ce, a wani anime da suke bi, wanda ya rufe ƙofar birni ya bar sojojinsa a waje a hannun abokan gaba don mutanen gari su tsira. Abdulganiyyu ya ce shi kaɗai ne mai hankali a labarin. Shaho ya ce maci amana ne, ko da an yi masa kiɗa mai daɗi a baya. Ba su taɓa ganin juna ba. Abin da Abdulganiyyu ya sani kawai shi ne Shaho mutumin Kebbe ne, kuma ba ya hawa gem sai da rana.

Wata rana cikin damina, bayan Azahar, suna tsakiyar wasa Shaho ya yi ƙorafin cajinsa ya kusa ƙarewa. Bai rufe baki ba Abdulganiyyu ya ji wata ƙara a kunnensa, sannan ƙarar duwatsu suna gangarawa.

"Innalillahi! Almakashi, maciji ya sare ni. Kububuwa ta, na gan ta."

"Kana ina? Shaho, faɗa mani kana ina!"

"Ni ɗai na, babu kowa nan. Ina bisa..."

Maganar ta yanke. A fuskar wayar, sojan Shaho ya tsaya cak a fili, har wani ya zo ya harbe shi.

Abdulganiyyu ya kira lambar, aka ce a kashe take. Ya sake kira, ya kuma sakewa. Ya shiga guruf ya rubuta abin da ya faru, ya roƙi duk wanda ya san Shaho a fili ya yi magana. Amsar farko sitika ce ta wani mai zare ido. Wani ya ce ai dabara ce don an kusa cinye su. Wani ya tambaya ko macijin na mataki na nawa ne, sauran suka bi shi da dariya. Guruf ɗin da ya raina da hannunsa, ya cika shi da mutane, aka rasa wanda ya san ko unguwar Shaho.

Ya sa lambar a manhajar da ke nuna sunan mai layi. Ta nuna masa kalma biyu: Baban Anisa. Ya ɗauka layin mahaifin Shaho ne.

Jamaluddeen yana kan keke yana ɗinka wata riga sai ya ga ƙaninsa ya zari makullin babur daga ƙusa.

"Ina za ka? Ga aikin mutane jibge."

"Kebbe, Yaya. Maciji ya sari abokina."

"Wane abokin naka? Mi sunanai?"

Sai a lokacin Abdulganiyyu ya tuna bai san sunansa na gaskiya ba. Jamaluddeen ya dube shi, ya ga yadda zufa ta jiƙa masa wuya, sai ya ce ya dai bi a hankali, tayar baya ta suɗe.

Bai bi a hankali ba. An yi ruwa da safe, hanyar ta cika da ramuka masu ɓoye a ƙarƙashin ruwan laka. Wani wuri ya sauka ya tura babur ɗin, takalminsa ɗaya ya maƙale a taɓo, ya bar shi can. Duk inda ya ga sabis ya dawo sai ya tsaya ya kira, a kashe. Yana tafe yana tuno abin da ya taɓa ji game da kububuwa, cewa mutum yakan yi ta zubar da jini har ta dasashi. Ya yi ta kiran sunan Allah, yana kuma zagin kansa da bai taɓa tambayar mutumin sunansa ba, alhali ya san irin bindigar da ya fi so da irin kiɗan da ke sa shi hawaye.

Ya shiga Kebbe ana kiran La'asar, ranar kasuwa ce, gari cike. Ya fara da 'yan kabu-kabu.

"Don Allah ko kun san wani Shaho?"

Ɗaya ya nuna masa sama, sauran suka tuntsire da dariya. Ya ce to Baban Anisa fa? Suka ce Anisa ai da yawa, wace daga ciki? Ya bi masu shayi, ya bi masu sayar da kati, ƙafa ɗaya ba takalmi, wando duk laka. Wasu suka ɗauke shi mai taɓin hankali. Da ya ce abokinsa ne na gem, wani dattijo ya ce masa ya je ya nemi aikin yi.

A wata rumfar cajin waya ya rasa ƙarfin bayani. Ya kunna wani tsohon saƙon murya na Shaho, ya ƙure ƙara, ya ɗaga wayar sama. Muryar ta cika rumfar tana bayanin dalilin da ya sa kyaftin ɗin bai cancanci yafiya ba. Wani mutum da ya zo karɓar wayarsa ya juyo da sauri.

"Ina kas samu muryar yayana?"

Sunansa Aminullahi. Ya ce wannan Malam Almu ne, mai sayar da maganin dabbobi, kuma Anisa babbar ɗiyarsa ce. Abdulganiyyu ya riƙe masa hannu ya gaya masa komai a guje. Da farko Aminullahi bai yarda ba, ya ce yayansa magidanci ne da furfura a gemu, mi ya haɗa shi da wasan yara? Amma ya kira lambar da kansa ya ji ta a kashe, sai fuskarsa ta sauya.

Suka hau babur zuwa gidan, can ƙarshen gari. Matar Almu, Mardiya, ta yi magana daga bayan ƙofar zaure. Ta ce tun bayan Azahar ya ce zai leƙa gona, kamar yadda ya saba, bai ce wace ba. Gonakinsa kuwa a warwatse suke, wata gabas wata yamma.

"Ya ce shina bisa wani abu," in ji Abdulganiyyu. "Kuma na ji duwatsu."

"Gonar tudu ta," in ji Aminullahi. Daga cikin gida suka ji Mardiya ta fasa salati.

Babur bai kai su can ba, suka jingine shi a bakin wani kwazazzabo suka ci gaba da gudu. Gero ya yi tsawo har ya wuce kan mutum, ba ka ganin abin da ke gabanka. A saman tudun suka tarar da wani faffaɗan dutse a inuwar kalgo, da wayar a yashe, da iyafis, da 'yar gorar ruwa. Almu ba ya nan. Aminullahi ya yi ta kwala kiran "Yaya! Yaya Almu!" Ba amsa. Suka rabu, kowa ya kutsa cikin geron. Ganye yana yankar fuskar Abdulganiyyu, ƙaya ta shige masa tafin ƙafa, bai tsaya ba. Muryarsa ta dishe da kiran sunan da bai saba da shi ba, har ya gaji ya koma wanda ya sani.

"Shaho! Shaho!"

Can ƙasa, ta gefen hagu, ya ji wani nishi.

Ya same shi kwance tsakanin kunya biyu, inda ya faɗi yana ƙoƙarin kai kansa hanya. Mutum ne siriri mai kimanin shekara arba'in da wani abu. Ƙafarsa ta dama ta kumbura har gwiwa, jini na tsatsa daga inda aka sare shi, wani kuma ya bushe a gefen bakinsa. Ya buɗe ido da ƙyar.

"Almakashi? Kai na? Ashe yaro na kai."

Suka ɗauke shi kama-kama har wurin babur. Aminullahi ya karɓi tuƙi, aka sa Almu a tsakiya, Abdulganiyyu ya rungume shi ta baya. A wani ɗakin shan magani da ke bakin hanya, ma'aikacin ya duba ƙafar ya ce ba shi da allurar dafin maciji, kada su ɓata lokaci, su wuce babban asibiti ta wajen Tambuwal. Aminullahi ya nemi mota, duk sun tafi da 'yan kasuwa. Suka sake hawa babur ɗin.

Rana ta yi ƙasa. Ba su yi nisa ba kan Almu ya fara langaɓewa a kafaɗar ƙaninsa. Abdulganiyyu ya girgiza shi, ya kira shi Malam, ya kira shi Yaya, ya karanta masa duk addu'ar da ta zo bakinsa. Jikin sai ƙara nauyi yake. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ya kai bakinsa kunnen mutumin ya ɗaga murya.

"Shaho, abin da nika gaya maka kullum shi na gaskiya. Kyaftin ɗin nan ya fi kowa. Da ni na, da ƙofar nan zan rufe!"

Shiru. Ya ci gaba, hawaye na shiga masa baki.

"Sojojin nan ma ragwaye na. Kuma kai ba ka iya harbi ba, ni ka ɗauke da kai tun farko. Anime ɗin da kaka so na masu dafa abinci, barci shika sa mutane!"

Sai ya ji ƙirjin da ya rungume ya motsa.

"Ƙarya kakai," in ji Almu, da wata murya can ƙasa. "Sun yarda da shi. Shi yac ce su fita."

"To sai mi? Gari fa?"

"Sai shi fita tare da su. Shi miƙa ma wani makulli."

Aminullahi bai fahimci ko kalma ɗaya ba, amma ya ce, "Ci gaba, kada ka bari shi yi shiru." Haka suka yi ta tafiya cikin taɓo. Duk lokacin da muryar Almu ta fara nutsewa, Abdulganiyyu sai ya laluɓo wata maganar da ya san za ta ɓata masa rai ya jefa masa. Sau ɗaya babur ya zame suka kusa faɗuwa, ya tokare da ƙafarsa marar takalmi har fata ta sale. Daga baya amsoshin suka koma "a'a" kawai, daga nan sai motsin kai.

Ana kiran Magariba suka shiga asibitin. Aka karɓe Almu daga hannunsu, hannuwan Abdulganiyyu suka ƙi miƙewa don tsabar riƙo. An samu allurar. Likitan ya ce jini ya zuba da yawa, sai an ƙara masa, Aminullahi ya nannaɗe hannun riga ya bi shi ciki. Abdulganiyyu ya zauna a dakalin waje, sai a lokacin ya ji zafin ƙayar da ke ƙafarsa. Ya kira yayansa a waya, nan Jamaluddeen ya same shi, ya zo masa da silifa.

Almu ya tashi, amma ƙafar ta daɗe ba ta takuwa, wurin saran ya zama gyambon da sai da aka yi ta wankewa. Labari kuma ya riga shi komawa Kebbe. Kowa ya ji cewa Malam Almu, mai 'ya'ya har da budurwa, gona yake zuwa ya ɓuya ya buga gem da yara. A kasuwa aka laƙaba masa Malam Mai Katun. Wani yayansu ya zo har gadon asibiti ya yi masa faɗa, Mardiya kuwa daga baya ta ce in dai zai yi, ya yi a tsakar gida inda take ganinsa.

Da kaka ta yi, Almu na dogara sanda, ba halin shiga gona. Abdulganiyyu ya roƙi yayansa hutu ya tafi Kebbe girbin gero. Bai taɓa riƙe lauje da sunan aiki ba. Kafin rana ta take tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe, Aminullahi da sauran masu gayya suna ta yi masa tsiya, ya ɗaure hannun da tsumma ya koma layinsa. Da azahar Mardiya ta aiko da fura, suka zauna a gindin wata ƙirya suka sha, sannan suka tashi suka ƙarasa gefen da ya rage.