Allurar Afiniki

Afiniki 'yar Kwoi ce, ta taso tana loda buhunan citta a gonar babanta. Bayan ta buɗe shagon ɗinki a Kafanchan, wata rana Malam Andrawus, tsohon malamin wasanni, ya gan ta ta sauke keken ɗinki daga mota ita kaɗai. Ya gayyace ta rumfarsa ta ɗaga ƙarfe a bayan tashar jirgi. Shekara huɗu tana zuwa kowace safiya. Ranar da aka yi gasar jiha a Kaduna, ta ɗaga kilo tamanin da biyar, ta dawo da lambar zinariya.

Murnar ba ta kai mako ba. Samari suka fara zuwa shago babu yadi a hannunsu. Sai mutum ya gaishe ta, ya waiga, ya rage murya: "Sista, wace allurar ƙarfi kike yi?"

"Tuwon acca," in ji ta.

Sai su yi dariya, wai ta iya ɓoye sirri. Da ta yi fushi kuma aka ce ai saurin fushi alamar allurar ce.

Wata Lahadi bayan sujada, Mama Theresa ta zumuntar mata ta tare ta a ƙofar majami'a. Ɗanta Celestine, ɗan acaba, yana kwance a asibiti, cinyarsa ta kumbura ta yi ruwa.

"Ke kin jure, shi bai jure ba," in ji matar. "Da kin faɗa masa adadin da ake yi."

"Mama, adadin me?"

"Allurarki. Dickson ya sayar masa."

Washegari Afiniki ta nufi kasuwa. Dickson mai kemis ya yanko hotonta daga jarida ya manna a jikin kantar shagonsa, daidai saman wasu ƙananan kwalabe marasa suna. Ta ɓare hoton.

"Yaushe na taɓa sayen wani abu a wurinka?"

"Haba Sista, ni ban ce kin saya ba. Hoto kawai na sa. Ke abin alfaharinmu ce."

Ta so ta ɗaga kantar ta kifar, kuma ta san za ta iya. Amma mutane sun taru, abin da suke jira ke nan. Sai ta tafi ta kai ƙara wurin shugaban kasuwa. Aka kwashe kwalaben, Dickson ya rufe shago na mako biyu.

Malam Andrawus ya ce ta yi haƙuri, a gasar ƙasa za a gwada fitsarin kowa, bakin mutane zai mutu. Da gasar ta zo aka gwada nata, takarda ta fito babu komai. Ta sa aka yi mata kwafi, ta manna a ƙofar shago.

Celestine ne ya fara karantawa, yana ɗingishi, sati ɗaya da sallamarsa. Ya daɗe yana dubawa, ya jinjina kai.

"Wato taki mai tsada ce, wadda inji ba ya gani."

Afiniki ta cire ƙafa daga kan keke. Ta juyo ta dube shi.

"Gobe ƙarfe shida ka same ni a rumfa," ta ce. "Zan nuna maka duk abin da nake yi."

Ya zo da wuri, da sabon takalmi. Ta miƙa masa sandar ƙarfe babu nauyi ko ɗaya, ta ce ya tsuguna ya tashi sau hamsin. Ya yi kwana uku yana zuwa, yana leƙen jakarta in ta juya baya. A na huɗu ya aiko da saƙo cewa cinyar ta motsa, matarsa ta hana shi fita.